Da Gaske Ne Daji Ba Ya Son Ƙarfe?

Daga Ikara zuwa Makarfi har Hunkuyi, da mace ta ji ƙullutu a mama, shawarar farko da za ta ji ita ce: "Kul, kada ki bari a taɓa shi da ƙarfe, daji ba ya son allura." Sai a shiga jiƙo, da shafe-shafe, da sakiya, da garin mai lasifika a kasuwa, wanda ƙulli ɗaya ke maganin basir, shawara da sankara.

Me ya sa maganar ta kama zukata? Saboda ba a kai mara lafiya asibitin koyarwa na Shika sai ciwon ya fashe, ya ci jiki. Idan ta cika, sai a ce wuƙar likita ce. Maƙwabciya ta ji, ta ƙara ɓoye nata. Jinkiri ya yi kisa, an rataya wa ƙarfe laifi.

Ba raina itatuwa nake yi ba. Vincristine, da ake yi wa yara masu sankarar jini, daga wani fure na Madagaska aka samo shi. Amma sai da aka gwada, aka san awonsa da illarsa. A 2018, masu bincike a Jami'ar Yale ta Amurka sun gano cewa waɗanda suka bar asibiti suka dogara da magungunan da ba a gwada ba kaɗai, haɗarin mutuwarsu ya ninka sau biyu da rabi. A sankarar mama kuwa, fiye da sau biyar.

Na san akwai talauci. Kuɗin allurai da gashi kan cinye gonar rake sukutum, ga maganin gargajiya a bakin ƙofa. Amma akwai asusun tallafin masu sankara na gwamnatin tarayya da aka fara a 2021, kuma Shika na cikin asibitocin farko. Mutum nawa suka sani a ƙauyukanmu? Sanar da jama'a aikin limamai ne, da masu unguwanni, da ungozomomi.

A yi addu'a, a yi tofi, babu likitan da ya hana. Amma malam mai magani, ka ji tsoron Allah: idan ka ga ƙullutu, ka ce a tafi asibiti yau. Kai kuma maigida, kada ka jira kakar rake. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.