Cire waƙa a ɓoye ba ya gyara kunne



Tun da Spotify ta shigo Saudiyya a 2018, ta tarar da Anghami, waƙa ta koma aljihun yara. Yanzu a gidajenmu na Bagdadiyya sai uwa ta ɗauki wayar ɗanta yana barci, ta cire waƙoƙin da ba ta yarda da su ba daga jerinsa. Niyyarta mai kyau ce, amma a ganina wannan hanya ba ta ɓullewa.

Cire waƙa daga jeri ba ya goge ta daga manhajar. Cikin minti ɗaya yaro zai maido ta, ya kuma sa wa wayar lambar sirri. Manhajar ma tana lura da abin da ya saba ji, ta yi ta kawo masa irinsa. Akwai maɓallin toshe waƙoƙin batsa masu alamar E, ku kunna shi. Sai dai masu waƙar ne ke sa alamar, kuma habaicin Hausa ko na Larabci yakan wuce ba alama.

Gara ku zauna da yaro bayan Isha'i, ku ce ya bayyana muku ma'anar baiti ɗaya. In kunya ta hana shi maimaitawa a gabanku, ya riga ya gane. Ku bar shi ya cire da hannunsa.

Ɗalibai, kunnen da ke ɗaukar hadda da safe shi ne ke ɗaukar waƙa da dare. Ku duba jerinku yau, kafin Umma ta duba.