Kayan Aro Ba Ya Rufe Katara: Kira Kan Adana Irin Gado



Abin yabo ne yadda 'ya'yanmu mata a nan Tamale suka koma haɗa mayonis da hannunsu: gwaiduwar ƙwai, man gyaɗa, ruwan lemun tsami da ɗan gishiri, a yi ta kaɗawa ana ɗiga mai kaɗan-kaɗan har ya kama jikinsa. Sun gane cewa abin da ke cikin kwalbar kanti bai fi ƙarfin madafin gida ba. Sai dai ina ganin wannan hikima ta tsaya a rabin hanya. Wanda ya iya sarrafa gyaɗa amma ba shi da irinta, har yanzu a hannun wani yake ci.

Iyayenmu ba su san sayen iri ba. Kubewa, yakuwa, lalo da ake kira ayoyo a nan, gauta, gurjiya da wake, duk daga amfanin bana ake ware na baɗi. Akan rataye zangarniyar dawa inda hayaƙin murhu zai same ta, a cuɗa wake da toka a rufe cikin gora don kada ƙwari su ci. Ko a ƙissar Annabi Yusuf, tsira da aminci su tabbata a gare shi, shawararsa ga mutanen Masar ita ce a bar hatsi a zangarniyarsa saboda shekarun fari.

Yau kuwa da yawanmu sai damina ta kawo jiki mu nufi kasuwar Aboabo neman iri a leda. Iri mai aure yana da yabanya, amma idan aka sake shuka 'ya'yansa ba sa fitowa kamar uwarsu. Dole a koma saye duk shekara. Fari na watannin Yuli da Agusta 2024, wanda ya sa gwamnati ta hana fitar da masara, shinkafa da waken soya daga Ghana, ya nuna mana hatsarin dogaro da abu guda.

Ba ina cewa a juya wa masana baya ba. Cibiyar SARI da ke Nyankpala tana aiki mai amfani, kuma Ghana tana da rumbun adana iri a Bunso. Turawa ma sun haƙa dutse a Svalbard ta ƙasar Norway, suka buɗe rumbu a 2008 don ɓoye irin duniya. In masu ilimin zamani suna tattalin tsohon iri haka, mu da muka gada me ya sa za mu zubar? Da tsohuwar zuma ake magani.

Shawarata ita ce kowane gida ya zaɓi iri daga shukar da ta fi lafiya, ya shanya a inuwa har ya bushe sarai, ya rufe a kwalba da toka, ya rubuta suna da shekara. Kafin shuka a gwada ƙwaya goma a jiƙaƙƙen tsumma. In takwas suka tsiro, irin yana da rai. Bayan kaka kuma, shugabannin unguwanni su sanya ranar musayar iri, a gayyaci maƙwabtanmu Dagomba.

Tsofaffin da suka san waɗannan iri suna ƙarewa, kuma irin da ya ɓace ba kuɗin da zai dawo da shi. A je a tambaye su tun suna raye.

Allah Ya ba mu damina mai albarka.