Kwafi Ɗaya Bai Isa Riƙe Muryar Adar Ba

A 1991 Bernard Caron ya wallafa nazarinsa kan Hausar Adar, kuma har yau ana samun littafin domin ya shiga hannuwa da yawa. Ɗalibin da ya je Bambeye ya naɗo tatsuniyoyi da hirar tsofaffi kuwa, sau da yawa kwamfutarsa kaɗai ke riƙe da abin da ya samo. Zafin bazara, ƙurar hunturu ko ɓarawon tashar Tawa, kowanne ya isa ya shafe wahalar wata uku. Babin da ya ɓace ana sake rubuta shi, amma tsohuwar da ta rasu ba ta sake magana.

Saboda haka ya kamata malamai su wajabta kwafi uku tun ranar dawowa daga ƙauye: ɗaya a kwamfuta, ɗaya a ma'ajiyar USB, na uku a hannun mai duba aikin. Ma'ajiyar da ke yawo shagunan buga takardu takan kwaso cutar kwamfuta, don haka a ware ta ajiya daban, a riƙa buɗe ta duk wata ana sauraron muryoyin.