Ku Kife Tiren Kafin Ku Sayar: Haƙƙin Magada Yana Bayan Cokali

A tsofaffin gidajen sarauta, na alƙalai da na ma'aikatan En'e a Birnin Kebbi da Argungu, ba a rasa tire, butar shayi ko cokula masu farin ƙyalli da aka gada. Ƙarshensu yakan zama ɗayan biyu. Ko dai a ranar rabon gado a yi musu kuɗi a matsayin azurfa tsantsa, a ɗora wa wani magaji su a bakin kasonsa, ko kuwa a kira ɗan gwangwan ya ɗora a sikeli ya biya kuɗin ƙarfe. Duka biyun zalunci ne, kuma tushensu ɗaya: ba wanda ya kife kayan ya karanta abin da maƙerin ya buga a bayansa. Abin kunya ne a ce gida cike da masu digiri, amma ana cinikin biri a sama a kan abin da bayaninsa ke rubuce a jikinsa.

Karatun ba shi da wuya. Azurfar Ingila ta gaske, mai kashi 925 cikin 1000, tana ɗauke da hatimin hukumar gwaji: zaki yana tafiya ya ɗaga ƙafa ɗaya, sai alamar gari, wato kan damisa ga Landan, ƙugiyar tsayar da jirgin ruwa ga Birmingham, kambi ga Sheffield kafin 1975, sannan harafi guda mai nuna shekara. Ta Faransa, wadda za ta iya shigowa ta iyakar Kamba, tana da kan Minerva tun 1838. Kayan da aka yi wa ruwan azurfa kuwa ba su da hatimin hukuma ko ɗaya. A 1840 kamfanin Elkington na Birmingham ya yi rajistar dabarar shafa azurfa da lantarki, daga nan aka cika duniya da irinsu. Idan ka ga EPNS, jikin kayan gamin tagulla ne da tutiya da nikel, azurfar ba ta wuce fatar sama ba. EPBM na nufin gami mai taushi wanda mafi yawansa kuza ne. A1 yabon kai ne na kamfani. Lamba 90 a cokalin Jamus tana faɗin nauyin azurfar da aka shafa wa jerin cokula, ba tsarkin ƙarfen ba.

Masu ƙera kayan sun san idon mai saye, shi ya sa da yawansu suka jera haruffa cikin 'yan akwatuna don su yi kama da hatimin hukuma. To, a nan ake gane mai lura. Walker & Hall na Sheffield tuta ce alamarsa, James Dixon & Sons ƙaho, WMF na Jamus jimina, Christofle na Faransa sikeli. Lambobi ma suna ruɗi: cokalin da aka rubuta wa 1847 Rogers Bros sunan kaya ne na Amurka, ba shekarar ƙira ba. Mu ya kamata mu riga kowa sanin wannan. Liyari, dalar Maria Theresa da maƙeran farinmu suka daɗe suna narkarwa su yi mundaye da zobba, 1780 ce a jikinta ko da an buga ta bayan shekara ɗari.

Wani zai ce wannan shagalin 'yan boko ne. Ba haka ba ne, magana ce ta shari'a. Azurfa ta gaske tana shiga lissafin zakka da nauyinta, nisabinta dirhami 200, kimanin giram 595, alhali shafen da ke kan tire bai taka kara ya karya ba. Ci da sha a ƙwaryar azurfa haramun ne, amma a kan abin da aka yi wa ruwanta kawai Muhtasar na Halil ya kawo zance biyu. Malamin da ke raba gado bai bambance tsakanin zaki da EPNS ba, yana iya cutar maraya alhali lissafinsa na farali daidai yake.

Wani kuma zai ce tarkacen Turawa ne, ba gadonmu ba. Wannan ma gajeren tunani ne. Ai tiren da ya zo daga Sheffield ya zauna a zauren hakimi shekara tamanin ya zama shaida a kanmu: wa ya saya, a wane kanti, kyautar ritaya ce ko tsarabar Makka. Wasu ma an zana musu suna da shekara. Yawancin maƙeranmu ba su buga sunansu a kan aikinsu ba, don haka kayan waje mai alama shi ne kan taimaka a ƙiyasta zamanin sauran abin da aka samu tare da shi a adaka ɗaya. Wanda ya narkar da shi ya yaga shafi guda daga tarihin gidansu.

Ɓarnar ma ba sai an kai ga sayarwa ba. Toka da yashi da soson ƙarfe, waɗanda ake wanke tukunya da su, suna cinye shafen har jikin ƙarfen ya bayyana, alamar kuma ta dushe. Mai gwaji da ya goga zarto ya ɗiga ruwan gwaji yakan bar tabon da ba ya gyaruwa, a kan tambayar da madubin ƙara girma zai amsa. Ruwan ɗumi, sabulu da tsumma mai laushi sun wadatar.

Ga abin da ya kamata. Kada a yi wa farin ƙarfe kuɗi a rabon gado sai an ɗauki hoton alamunsa da waya, an auna shi, an rubuta wanda ya mallake shi da inda ya samo shi, tun dattawan da suka sani suna raye. Gidan tarihi na Kanta a Argungu, tsohuwar fadar da aka mayar ma'ajiyar tarihi a 1958, ya dace ya buɗe kundin da iyalai za su kai kayansu a rubuta, su koma da abinsu gida. Ɗaliban tarihi na Jami'ar Tarayya ta Birnin Kebbi za su sami aikin bincike na gaske a nan, kuma ba ya bukatar kasafi mai yawa.

Muna alfahari da cewa UNESCO ta sanya bikin kamun kifi na Argungu cikin gadon duniya a 2016. Madalla. Amma gadon da ke cikin adakar kakarka ba wata hukuma da za ta zo ta cece shi. Ɗan gwangwan ba ya karatun alama, nauyi yake saye. Karatun naka ne, kuma in kayan ya shiga wuta, ba sauran abin karantawa.