JIKOKIN MAJEMA, INA RIƘON KAYA?

'Yan'uwa ɗalibai, duk wanda ya shiga ɗakin karatu da dare a nan Dutse, ko ya leƙa ofisoshin sakatariya a lokacin hutun rana, zai ga samari da 'yan mata kowa da hedfon a kansa, watau abin sauraron nan mai matasai biyu da ke rufe kunnuwa. Wannan yana maimaita lacca, wancan yana koyon wani harshe, waccan tana halartar taro daga nesa. Amma in mutum ya matsa kusa ya duba da kyau, sai ya tarar da fatar matashin kunnen ta tsattsage tana saɓa kamar maciji, baƙin ɓarɓashi yana zuba a wuyan riga, soson ciki ya leƙo waje ya ƙoshi da gumi da ƙura. Da an tambayi mai shi, amsa ɗaya ce: "Ai kayan zamani ne, ba su da ƙarko." To, a nan ne muke da ja.

Ba mu ce maganar ba ta da ƙamshin gaskiya ba. Yawancin abin da muke kira fata a jikin hedfon ba fata ba ne. Ƙyalle ne aka shafe da wata siririyar roba, aka lulluɓe soso da shi. Harshenmu ma ya daɗe da gane wannan yaudara, domin kalmar "leda" daga kalmar Turanci mai ma'anar fata aka aro ta, amma Bahaushe bai yarda ya ba ta wannan daraja ba, ya bar ta a kan roba. Ita wannan roba danshi da zafi ne manyan abokan gabanta, sai kuma gishirin gumi da man da muke shafa wa gashi. Fatar gaske, wadda galibi ta tunkiya ce, sai a hedfon mai tsada ake samun ta, ita kuwa bushewa ce ke kashe ta. Bambance su ba wuya: leda tana ɓarewa ƙyalle ya bayyana a ƙarƙashinta, fata kuwa sai dai ta yi tauri ta dare, kuma tana da ƙanshinta.

Yanzu sai mu dubi inda muke zaune. Da bazara zafin rana a nan yakan haura digiri 40, kunne ya jiƙe sharkaf cikin ɗan lokaci. Da damina danshi ya cika ɗaki, abin da aka rufe a jaka da laima ya yi funfuna. Da hunturu iska ta bushe komai, ƙura ta shiga kowace kafa. Ashe kenan kowane kashi na shekara da irin ɓarnarsa, kuma abin da aka saya da tsada aka jefa cikin jaka tare da makullai da biro, ko aka bari a gaban mota rana tana dukansa, ba shi da laifi in ya lalace kafin ƙarshen zango.

Abin kunyar shi ne, mu ba baƙin fata ba ne. Kafin a ƙirƙiro Jihar Jigawa a 1991, wannan yanki yana cikin tsohuwar Jihar Kano, kuma tun zamanin fatake fatun awaki da tumaki na ƙauyukanmu suna cikin waɗanda ke kwarara zuwa Kano. Lokacin da Bajamushen nan Heinrich Barth ya sauka Kano a 1851, ya rubuta yadda ake fitar da takalma da jemammun fatu har zuwa Tarabulus. Fatar jar akuyar ƙasar Hausa ta ratsa Sahara ta isa Turai, inda aka riƙa kiran ta fatar Maroko ana rufe littattafai masu daraja da ita. Majeminmu ya san toka, ya san bagaruwa, ya san karan dafi, ya san kuma fata ba ta kammala sai ta sha mai. Baduku ya ɗinka gafaka, malami ya adana littattafansa a ciki, ɗansa ya gada, jikansa ya gada. Har gobe wanda ya kalli hawan salla a ƙofar fadar Sarkin Dutse zai ga kayan doki da suka girmi mahayansu. Ba ƙasarsu ce ta fi tamu sanyi ba, rana ɗaya ce ta dake mu duka. Abin da suka fi mu da shi shi ne riƙo: sun san abin da ke hannunsu, suna gogewa, suna shafawa, suna ratayewa a inuwa.

Riƙon hedfon kuwa bai kai wannan wahala ba. Duk sa'ad da aka cire shi, a goge matashin da busasshen ƙyalle mai laushi, a bar shi ya sha iska a inuwa kafin a sa shi a jaka. Sau ɗaya a mako a jiƙa ƙyalle da ruwa mai ɗan sabulun wanka, a matse sosai, a goge a hankali, kana a bi da busasshe, ba tare da ruwa ya taɓa ragar da sauti ke fitowa ba. Kada a kusanto da sifirit, ko sanitaiza, ko kananzir, ko sabulun gari, kada kuma a fesa masa turare don kashe warin gumi, domin duk waɗannan suna cin roba suna busar da fata. In fatar gaske ce, a shafa mata man gyaran fata ɗan kaɗan a farkon hunturu da ƙarshensa, bayan an gwada a gefen da ba a gani. In leda ce kada a ɓata mai, ba ta sha. 'Yan'uwanmu mata da ke ɗora shi bisa mayafi sun riga mu dacewa, don gumi bai cika kai wa gare shi ba.

Wani zai ce, duk matsalolin da ke gaban ɗalibi a yau, sai matashin kunne za a cika shafi da shi? Amsarmu ita ce, da farko maganar lafiya ce. Matashin da ya lotsa ba ya toshe hayaniyar waje, sai mai saurare ya yi ta ƙara murya bai sani ba. Tun 2015 Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi gargaɗi cewa matasa fiye da biliyan 1 suna cikin haɗarin lalacewar ji saboda sauraron sauti mai ƙarfi, kuma jin da ƙara ya kashe ba ya dawowa. Ga shi kuma soson da ya sha gumi yana yawo daga kunnen wannan zuwa na wancan a ɗakin kwana.

Na biyu kuma, wanda ya fi damunmu, maganar hali ce. Mu ne ma'aikatan gobe, wasunmu ma sun riga sun karɓi makullin ofis. Kowannenmu ya taɓa ganin kwamfutocin da aka sayo da kuɗin jama'a an jibge su a lungu ƙura ta rufe, da motocin da ƙaramin gyara ya zaunar har tayoyinsu suka nutse a ƙasa. Waɗanda suka bar su haka ba daga sama suka faɗo ba. Ɗalibai ne irinmu jiya, waɗanda ba su koyi goge abin da suka saya da guminsu ba, balle abin da ake ce wa na gwamnati. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Saboda haka muna kira ga ƙungiyar ɗalibai da ta sa riƙon kaya cikin abin da take wayar wa sababbin ɗalibai da kai. Muna kuma kira ga duk wanda matashin hedfon ɗinsa ya mutu da kada ya yar da shi, domin a yawancinsu matashin yana cirewa, na'urar ciki kuma lafiya lau take. Ya sayi sabo ya sa, ko ma ya fi, ya kai tsohon wa baduku ya auna, ya ɗinka masa da lallausar fatar tunkiya. Dukawan da suka iya ɗinka kube da gafaka ba zobe mai faɗin tafin hannu ne zai gagare su ba. In goma daga cikinmu suka gwada, ɗari za su biyo, kuɗin ya tsaya a gida, baduku ya sami sabon ciniki, mu kuma mu daina kakkaɓe baƙin ɓarɓashi daga wuyan riga a gaban malamanmu.