Na'urar neman kifi: a tambayi zurfin ruwa kafin a tambayi kuɗi

Jama'a masu karatu, musamman ƴan kasuwarmu na bakin iyaka masu hada-hadar banda da kayan su, yau ina so mu tattauna a kan wata haja da tallarta ta cika wayoyin salula, wato na'urar neman kifi. A hoton talla za ka ga Bature zaune cikin jirginsa, gabansa ɗan allo kamar na telebijin, kifaye na gilmawa a kai, gefe guda kuma ga taswirar tabki da zurfin kowane lungu. Duk wanda ya san wahalar masunci, idan ya ga wannan sai ya ce an zo wurin. To amma tun da a wajenmu galibi ɗan kasuwa ne ke zuba kuɗin taru da injin jirgi da mai, masunci ya riƙa biya da kifi, ya kamata mai zuba kuɗin ya san abin da yake saye, domin in na'urar ba ta yi aiki ba bashin yana nan a wuyan masunci, kuma shi ne zai kwana da shi.

Akwatin ɗaya ne, amma ma'aikata uku ne a cikinsa. Akwai mai sauraren ƙarƙashin ruwa, akwai GPS mai faɗin inda jirgi yake, sannan akwai taswira. Mai talla zai haɗa maka su a baki ɗaya, kai kuwa sai ka raba su, saboda kowanne da irin ruwan da yake yi wa amfani.

Mai sauraren nan wani ɗan kai ne da ake nutsawa cikin ruwa, bari mu kira shi kunne. Yana tura sauti ƙasa, sautin ya bugi abu ya dawo, kamar amsa-kuwwa a cikin rijiya. Sauti na tafiyar kimanin mita 1,500 cikin daƙiƙa guda a ruwa, don haka daga lokacin da ya ɗauka kafin ya dawo na'urar ke lissafa zurfi. Abin da ya fi maido da sautin a jikin kifi shi ne ƴar jakar iskar da ke cikin cikinsa. Sai dai sautin yana sauka ne kamar hasken tocila, tsukakke daga sama, yana buɗewa yayin da yake nisa. A ƙananan na'urorin da aka fi sayarwa, faɗin wurin da kunnen ke ji a ƙasan ruwa bai wuce kashi ɗaya cikin uku na zurfin ba. Ruwa mai zurfin mita 30, kana ganin fili mai faɗin mita 10. Ruwa mai zurfin mita 3 kuwa, abin da kake gani bai fi faɗin tabarmar sallah ba.

Yanzu sai a ɗauki wannan lissafi a kai shi Tabkin Cadi, inda mafi yawan bandar da ke cika kasuwanninmu ke fitowa. Tabkin nan faɗi gare shi, ba zurfi ba. A wurare da yawa gorar tuƙi tana taɓa ƙasa, kuma ko a ɓangaren kudu inda kogin Shari ke zuba, da wuya ka samu inda ya wuce ƴan mitoci. Ga ciyawa, ga kacalla, ga laka. Kifin da ke cikin ruwan mita 2 ba zai tsaya jirgi mai inji ya bi ta kansa ba, tun kafin kunnen ya iso ya watse. Tarwaɗa, wadda ita ce uwar banda, tana kwance ne cikin laka da saiwoyi, inda na'urar ke kasa raba ta da ƙasa. Gaiwa ma haka. Sannan su wa ke kama mafi yawan kifin tabkin? Masu gura da masu dumba da masu mamari, mutanen da sana'arsu ita ce sanin hanyar da kifi zai bi idan ruwa ya taso da kuma idan ya fara janyewa. Ba farautar kifi suke yi ba, tare masa hanya suke yi. A nawa ganin, mai dumba da ya ci bashi ya sayi kunnen lantarki ya sayi abin kallo ne kawai.

Wani abin da ya kamata a sani, ƴan hotunan kifin nan da ke fitowa a kan allo ba hoton kifi ba ne. Na'urar ce ke zana siffar kifi a kan duk abin da ya maido mata da sauti a tsakiyar ruwa, ko reshe ne, ko kumfa, ko ciyawa mai yawo. Ƙananan masu araha da ake riƙewa a hannu sun fi kowa wannan hali. Wanda ya iya aiki da ita kashe hotunan yake yi, ya koyi karanta ainihin zanen, kuma wannan koyo yana cin makonni.

Taswira kuwa ita ce inda kuɗi ya fi zurarewa. Manyan kamfanonin wannan sana'a, Garmin da Lowrance da Humminbird, sun auna dubban tabkuna sun zuba a cikin na'urorinsu ko a ɗan kati da ake saye daban, amma tabkunan Amurka da Kanada da Turai ne, inda masu sayensu suke. Na'ura mai irin wannan taswira ta fi marar ita tsada, kuma idan ka kunna ta a Boso ko Darak abin da za ka gani shi ne shuɗin fili ba lamba ko ɗaya. Ka biya kuɗin sanin zurfin wani tabki a jihar Minesota.

Ko da a ce wani ya zo ya auna Tabkin Cadi a bara, taswirar ba za ta kai baɗi ba. A shekarun 1960 faɗinsa ya kai murabba'in kilomita 25,000. Farin 1973 ya raba shi biyu, arewa da kudu, da tudu mai ciyayi a tsakani, kuma a tsakiyar shekarun 1980 ruwan fili ya koma wajen murabba'in kilomita 2,000. Gigimi da take bakin ruwa ta wayi gari ruwa ya yi mata nisan tafiya, mutanen Baga suka bi shi suka kafa Doron Baga. Daga baya ruwa ya riƙa dawowa, kuma ambaliyar 2022 da ta 2024 ta mayar da shi wuraren da aka daɗe ana shuka masara da wake. A cikin shekara guda ma, kusan duk ruwan daga Shari da Lagon yake zuwa, ya cika bayan damina, ya janye da bazara, inda aka bi da jirgi a watan Janairu a bi shi da amalanke a watan Yuni. Har tsibiran ciyawa gare shi masu tafiya da iska, su toshe mashigi yau, gobe su buɗe. Taswirori da dama har yanzu suna zana tabkin da siffarsa ta zamanin samun ƴancin kai. Taswirar wannan ruwa ta gaskiya tana cikin kan Buduma da tsofaffin masunta, kuma kowace shekara sabunta ta suke yi.

Saura GPS, kuma shi kam ina ganin amfaninsa ko a tabkin. Ba ya buƙatar layin salula, ba ya cin kati, daga taurarin ɗan Adam yake karɓar saƙo kyauta, ya nuna maka inda kake da kuskuren ƴan mitoci. Masunci zai iya sa alama inda ya shimfiɗa taru ko ya jera gura, ya dawo kansu da asuba ko cikin hazon hunturu ba tare da ya ƙone lita biyar ta mai yana kewaye ba. Yana kuma zana hanyar da jirgi ya bi, ta yadda in ciyawa ta ruɗar da mutum sai ya bi sawunsa ya fita. Wanda ya san kuɗin mai a bakin tabki ya san nan ne riba take. Sai dai wayar salula ta zamani ma tana da GPS a cikinta, kuma da manhajar da ke aiki ba intanet za ta yi wannan aikin, in an sa ta a leda mai hana ruwa. Kafin a sayi akwatin jika ɗari saboda GPS kaɗai, a fara gwada abin da ke cikin aljihu.

Akwai kuma batun iyaka, wanda ku ƴan kasuwa kun fi kowa saninsa. Ƙasashe huɗu ne suka haɗu a kan ruwan nan, Nijar da Nijeriya da Cadi da Kamaru, kuma tun 1964 suke da hukuma guda ta kula da tabkin, amma kowace da takardunta da harajinta. Masunta sun bi ruwa sun zauna Darak shekara da shekaru suna ɗaukar kansu a Nijeriya, sai da kotun duniya ta yanke hukunci a watan Oktoba na 2002 cewa yankin na Kamaru ne, Nijeriya ta janye a ƙarshen 2003. A kan ruwa babu shinge babu tuta. GPS zai iya gaya wa mutum ya tsallaka, ko da yake ba zai hana a karɓi abin da za a karɓa a hannunsa ba.

To amma a nan dole a yi magana da babbar murya. Tabkin Cadi fagen yaƙi ne tun fiye da shekara goma. A 2015 hukumomin Nijar sun kafa dokar ta-ɓaci a jihar Difa, aka kwashe mutanen tsibirai, aka hana kamun kifi da cinikinsa, kuma sai a 2019 aka ɗage hanin. Wanda ya rayu cikin waɗannan shekaru ya san yadda ake kallon buhun banda ma, balle na'ura mai ajiye lambobin wurare a cikin tsibirai. Soja a shingen bincike ba lallai ya gan ta a matsayin kayan su ba. Masu ɗauke da makamai da ke karɓar haraji a hannun masunta a cikin ruwa su ma za su iya ɗaukar mai ita ɗan leƙen asiri. Shawarata ita ce kada wani ɗan kasuwa ya miƙa wa yaronsa wannan abu ya tura shi tabki sai shugabannin masunta sun je sun yi magana da hukumomin tsaro na wurin, an samu izini a rubuce. In ba a samu ba, a bar shi a kanti. Ran mutum ya fi kwandon kifi.

Inda na'urar za ta ci kuɗinta shi ne ruwan madatsa mai zurfi. Alal misali Lagdo, kudu da Garwa a kan kogin Binuwai, wadda aka gama a 1982, ruwanta ya kusa murabba'in kilomita 600, kuma Hausawa masunta na cikin waɗanda suka cika bakinta tun farko. Haka Kainji da aka gama a 1968, wadda ruwanta ya kai wajen Yawuri. A irin wannan ruwa akwai tsohuwar hanyar kogi a nutse, akwai duwatsu da kututturan itatuwan da ruwa ya cinye, kuma a gefen irin waɗannan wurare giwan ruwa da ragon ruwa ke zama. Ko kifi bai fito a allo ba, sanin inda kututture yake ya isa ya ceci tarun da ya fi na'urar tsada. Maga kuwa, duk da madatsa ce, ruwanta ba shi da zurfi, hukuncinta kusan na Tabkin Cadi ne.

Mai sayen na Lagdo ko Kainji, abin da zai nema shi ne na'urar da ke zana taswirarta da kanta yayin da jirgi ke tafiya. Garmin na kiran wannan Quickdraw, Lowrance na ce masa Genesis Live, Humminbird kuma AutoChart Live. A tambayi mai sayarwa wannan suna, a ga ya kunna ya nuna. Cikin wata guda na fita kullum masunci zai mallaki taswirar wurin sunsa wadda babu kamfanin da ke da irinta, sai dai ya tuna ruwan madatsa yana hawa yana sauka, zurfin da ya auna a Oktoba ba shi zai tarar a Afrilu ba. Ƙaramin allo na inci 4 ko 5 ya wadatar. Irin waɗannan a Amurka suna farawa daga dalar Amurka ɗari da ɗoriya, manyan su kai dubbai, kafin a ɗora kuɗin jirgi da na duwan. A duba tana da Faransanci a cikin harsunanta, tun da Hausa dai babu. Batirin babur mai bolt 12 zai riƙe ƙaramar yini guda, a caja shi da faifan sola. Kunnen kuma ba ya ji ta cikin katako, don haka a jirginmu na katako sai an ɗaure shi a sanda an saƙala a gefe, yadda za a ɗaga shi in an shiga ciyawa ko za a ja jirgi tudu. Wayar kunnen ita ce ke fara mutuwa, kuma babu mai gyaran rediyo a kasuwanninmu da ke da madadinta, saboda haka ɗan kasuwar da zai kawo goma ya haɗo da kunnuwa biyu ko uku na ajiya.

Masuntan Lagdo sun daɗe suna kukan kifi ya ragu, laka na cike madatsar, jirage sun yi yawa, har hukuma na rufe su na wasu watannin damina domin kifi ya hayayyafa. Na'ura ba ta ƙara kifi ko ɗaya a ruwa. Mutum na farko da ya saye ta zai ga bambanci, in jirgi ɗari suka saya kowa ya koma inda yake, da sabon bashi a kansa. Don haka mai niyyar zuba jari ya fara da guda ɗaya, ya ba masuncin da ya iya karatu kuma yake su a ruwa mai zurfi, a rubuta man da aka sha da kifin da aka kama tun daga buɗe ruwa har rufewarsa, a gwada da na jirgin da ba shi da ita. Kuma wannan ta gwaji a kan kuɗin uban gida za ta kasance, kada a rubuta ta cikin littafin bashin masunci.