Hunturu Da Mai Ɗaukar Hoto

Daga watan Disamba zuwa Fabrairu hazo kan lulluɓe Bauchi, a daidai lokacin da ake ta bukukuwan aure a G.R.A. Mai ɗaukar hoto kan samu ciniki, amma jarinsa na cikin haɗari, domin ƙura ita ce babbar abokiyar gabar kyamara. In ya cire gilashinta a fili, ƙura ta shige, sai baƙin ɗigo ya fito a kowane hoto. In ya goge da bakin riga, ya karce shi ke nan. Ya kamata ya canja gilashi a ɗaki, ya hure ƙura da ɗan famfon roba. Wanda ya ɓata hoton amarya, danginta kaf ba sa sake kiransa.